Likita Ya Ce In Jira Wata Shida Kafin A Gyara Mini Ido, Ko Jan Ƙafa Yake Yi Mini?

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Tudun Wada, nan cikin Kaduna, shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Shekara biyu da suka wuce, bayan haihuwar autana, na fara rama ba gaira ba dalili, ga faɗuwar gaba, ga gumi ko da cikin hunturu ne, hannuwana kuma sai rawa. Da aka yi gwajin jini aka ce tayirod ɗina ne ke aiki fiye da ƙima, aka ɗora ni a kan kabimazol. Jiki ya yi sauƙi, amma idanuna suka firfito, yanzu kuma na hagu ya karkace ya kalli ƙasa, komai biyu-biyu nake gani. Ko zare ba na iya zurawa a allura sai na kira 'yata. Likitan ido ya ce aiki zai iya gyarawa, amma sai na jira aƙalla wata shida ana yi mini awo. Bikin ƙanwata saura wata uku, ga yaran unguwa sun fara ce mini harara-garke. Surukata ta ce jifa ne, a daina ɓarnar kuɗi a asibiti. Yayana kuma ya ce in sayar da filina in tafi Masar a gama mini cikin sati guda. Ni kuma tsoro ya cika ni, don an ce ciro idon ake yi a ajiye a faranti. Akwai abin da na ɓoye wa likita: ya tambaye ni ko akwai mai shan taba a gidanmu na ce babu, alhali maigidana yana sha. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Likitanki ba jan ƙafa yake yi miki ba. Wanda ya duba ido irin naki ya ce a dakata ana awo, ya san aikinsa. Wanda zai kalle ki yau ya ce ki zo jibi a shiga tiyata, shi ne ya kamata gabanki ya faɗi a kansa. Saboda haka ki bar filinki inda yake, ki kuma ba ni aron hankalinki, don in kin gane abin da ke faruwa a bayan idon nan, jiran zai zo miki da sauƙi.

Abin da kika bayyana ya yi daidai da cutar Graves, wadda ta samo sunanta daga wani likitan ƙasar Ailan, Robert Graves, da ya yi bayaninta a 1835. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, take ruɗewa ta juya kan mai ita. Ta zuga tayirod da ke gaban wuya ya riƙa zubo sinadarinsa babu lissafi, shi ya kawo miki rama da gumi da bugun zuciya. Ita dai garkuwar ce kuma take kai hari kan kitse da tsokokin da ke bayan ido. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba, kuma ba baƙon abu ba ne ta taso wa mace a shekarar da ta haihu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ciwon wuyan da na idon uwarsu ɗaya amma kowa hanyarsa daban. Kabimazol na iya kwantar da tayirod sarai, ido kuma ya ci gaba da nasa rikicin. Kada ki ɗauka maganin ne bai yi ba.

Kowane ido yana zaune ne a cikin rami na ƙashi, tsokoki shida ke juya shi. Idan suka kumbura, ƙashi ba ya buɗewa ya ba su wuri, dole ƙwayar idon ta yi gaba, shi ne firfitowar da kika gani. Bayan kumburin ya lafa, tsokar da ta sha wahala ba ta komawa yadda take. Tabo ne ke shiga cikinta, ta taurare, ta gajarce, ta riƙe idon ta janyo shi ɓangarenta. Wadda ta fi shiga wannan hali ita ce ta ƙasa, sai mai bi mata ta ɓangaren hanci. Shi ya sa idonki na hagu ya kalli ƙasa, kuma ina kyautata zaton kallon sama ya fi ba ki wuya, har kina ɗaga haɓa in za ki kalli mutum ba tare da kin lura ba. Ido biyu kuwa in ba su kalli wuri ɗaya ba, hoto biyu suke aika wa ƙwaƙwalwa. Yaron da aka haifa da karkataccen ido ƙwaƙwalwarsa kan yi watsi da hoto ɗaya, shi ya sa ba ya kukan gani biyu. Ta babba ba ta iya wannan, sai ta nuna miki allura biyu, kofi biyu, matakala biyu.

To ga dalilin jiran. Ciwon nan zango biyu gare shi. Na farko lokacin da yake kan ganiyarsa: ido ya yi ja, ya riƙa hawaye, ki ji zafi ko nauyi a bayansa, ki tashi da safe fatar idon ta kumbura, karkacewar kuma yau daban, wata mai zuwa daban. Wannan zango kan ɗauki watanni, sau da yawa ya kai shekara ɗaya zuwa biyu, a wurin wasu ma ya zarce. Sannan ya huce, abin da ya bari ya tsaya cak. Aikin gyara karkacewa a zango na biyu ake yin sa. Ke tela ce, kin fi ni sanin ba a yanka yadi mai tsada a kan awon mai jegon da jikinta bai gama komawa ba, in aka yi, ranar sawa riga ba za ta zauna ba, yadin kuma ya riga ya yanku. Likita ma milimita-milimita yake lissafa inda zai mayar da tsokar, kuma lissafin ya dogara ne kacokan a kan awon da ya daina canzawa. In ya yi aikin yau ciwon ya ci gaba da jan tsokar, bayan 'yan watanni idon zai sake karkacewa, wataƙila ma ta wani ɓangaren, ga tabon aiki ya ƙaru a kan na ciwo, gyara na biyu ya fi na farko wuya.

Awon nan da kike ganin kamar ɓata lokaci ne, shi ne ginshiƙin aikin. Za a zaunar da ke ki ƙura wa wani abu ido, a riƙe wata sanda mai jerin gilasai masu kusurwa, firizim ke nan, a gaban idonki, a rufe wannan ido a buɗe wancan, ana hawa daga ƙaramin gilashi zuwa babba har a kai inda idon ya daina zabura in an buɗe shi. Lambar gilashin ita ce girman karkacewar. A yi haka kina kallon gaba, a yi kina kallon sama, ƙasa, dama, hagu, nesa da kusa. Sai lambobin nan sun riƙa fitowa iri ɗaya zuwa bayan zuwa na kimanin wata shida, sannan a ce lokaci ya yi. Kada ki tsallake ko ranar asibiti ɗaya. Ki kuma sa 'yarki ta riƙa ɗaukar hoton fuskarki da waya sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, ki tafi da su tare da tsohon hotonki na kafin ciwo. Likitoci suna amfana da wannan ƙwarai.

Akwai wasu dalilai biyu. Ba a so a yi wa mutum allurar barci tayirod ɗinsa na sama, don yana iya tunzura farat ɗaya ya taɓa zuciya, abin ya zama na rai. Dole gwajin jini na TSH da T4, masu auna aikin tayirod, su nuna ya daidaita kuma ya zauna a haka. Sannan ayyukan idon tayirod jeri gare su. Idan firfitowar ta yi yawa har ana bukatar a buɗa ƙashin ramin don ido ya koma ciki, wannan ake fara yi, saboda shi kansa yana iya sauya karkacewar. Sai aikin tsoka ya biyo, na fatar ido ya zo ƙarshe. Ba kowa ke bukatar duka ukun ba. Ki tambayi likitanki kai tsaye ko naki zai bukaci na ƙashi, ko kuma hoton CT ko MRI da zai nuna kaurin tsokokin.

Amma ki riƙe wannan da kyau, akwai alamun da ba a jira da su ko kwana biyu. In kika ga ganinki yana dusashewa, ko launuka sun koɗe, jan atamfa ya zama kamar wanda ya sha wanki a ido ɗaya, wannan na iya nufin kumburin ya matse jijiyar gani. Haka in idon ya ƙi rufuwa lokacin barci har baƙinsa ya fara ciwo ko wani farin tabo ya bayyana a kai. Mutane kaɗan ne abin ke kai su nan, amma wanda ya kai, makanta ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, asibiti za ki nufa a ranar, ko da ranar ganin likitanki saura wata guda.

Maganar faranti kuwa, ki cire ta daga ranki. Ba a ciro ido, ba a taɓa yin haka a wannan aikin ba, jijiyar gani ma da ke riƙe da shi ta baya ba za ta bari ba. Abin da ake yi: kina barci, a sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe, a ɗan tsaga siririn mayafin da ya lulluɓe farin ido, a kamo tsokar da ta taurare, wadda wurin kamunta bai wuce milimita biyar zuwa takwas daga gefen baƙin ido ba. A saki bakinta daga inda take, a ja ta baya gwargwadon lissafi, a ɗinke ta a sabon wuri da zaren da yawanci narkewa yake yi da kansa. Sassauta mata aka yi, sai idon ya samu sararin dawowa tsakiya. A idon tayirod galibi sassautawa ake yi, ba a cika yanke tsoka a gajarta ta ba kamar yadda ake yi a wasu nau'o'in karkacewa, tunda matsalar dama ɗaurewa ce. Ba a shiga cikin ƙwayar idon, ba a kuma yanka fatar fuska. Wani lokaci sai an taɓa ido biyun ko da ɗaya ne kike ganin ya karkace, kada wannan ya razana ki.

Wasu likitocin suna ɗaure zaren da ƙullin da ake iya zamewa. Bayan kin farfaɗo, a ranar ko washegari, a ɗiga miki maganin kashe zafi, a zaunar da ke a ce kalli can, guda nawa kike gani? In da saura, a ɗan ja ko a ɗan saki har hotunan biyu su haɗe, sannan a ƙulle. Yana da ɗan rashin daɗi, amma minti kaɗan ne. Ba kowane likita ke bin wannan hanya ba, kuma masu ɗinkin dindindin ma suna samun sakamako mai kyau, sai dai ki tambaya ki san wanda za a yi miki. Bayan aiki idon zai yi ja na wasu makonni, ki riƙa jin kamar yashi a ciki, a ba ki maganin ɗigawa. Yawanci a ranar ko washegari ake sallama. Ki tambayi yadda za ki yi da alwala da wanka a kwanakin farko, don ba a so ruwa ya shiga, addini kuma ya yi rangwame ga mai lalura.

Ba zan ɓoye miki iyakar abin da aikin ke bayarwa ba, don na fi so ki shiga da ido buɗe da ki fito kina jin an yaudare ki. Burin likita shi ne ki ga abu ɗaya in kina kallon gabanki, da kuma in kina kallon ƙasa kamar mai karatu. Nan ne rayuwa take: tafiya, girki, karatun Alƙur'ani, keken ɗinki. Tsokar da ta yi tabo ba ta komawa sabuwa, don haka in kika wurga ido can sama ko can gefe, mai yiwuwa ki ci gaba da ganin biyu, sai ki koyi juya kai maimakon ido. Mafi yawan masu yin aikin suna samun wannan buri, amma wani kaso mai ɗan yawa sai an sake musu aiki na biyu, wasu kuma su ƙarasa da ɗan firizim a tabarau. Aikin tsoka ba ya mayar da firfitowa ciki, yakan ma ɗan ƙara ta. In aka ja tsokar ƙasa baya sosai, fatar idon ta ƙasa na iya ɗan saɓulowa farin ido ya bayyana, shi ya sa aka bar gyaran fata a ƙarshe. Ita wannan tsokar kuma an san ta da zamewa bayan makonni, ido ya wuce tsakiya ya koma kallon sama. Haɗura masu tsanani irin su shigar ƙwayar cuta ko hujewar farin ido suna da wuyar faruwa. Ki gaya wa likita da bakinki cewa ɗinki ne abincinki, yini kike kai a sunkuye. Wannan magana tana iya sauya lissafinsa, don gyaran da ya zarce a tsokar ƙasa kallon ƙasa yake fara ɓatawa.

Watannin jiran nan ba na naɗe hannu ba ne. Akwai firizim na roba, siriri kamar leda mai layi-layi, da ake yankawa daidai gilashin tabarau a manna da ruwa ta ciki. Yana lanƙwasa haske ya haɗe hotunan, in awo ya canza a ɓare a sa wani. Yana ɗan rage kaifin gani, kuma in karkacewar ta yi girma ba ya isa, amma ki tambaya ko za a samu. In bai samu ba, ki manna salatif marar sheƙi a gilashi ɗaya. Nan take gani biyun zai ɗauke, zare ya shiga allura. Rufe ido ɗaya ba ya kashe idon babba. Sai dai da ido ɗaya kimanta nisa yana raguwa, ki yi hattara da matakala, da tafasasshen ruwa, da tsallaka titi irin na Kasuwar Barci. Tuƙi kuwa ki ajiye shi muddin kina ganin biyu. Ki riƙa ɗiga ruwan hawaye na kanti, da dare ki sa mai kauri, ki ƙara matashi kanki ya ɗaga. In ƙurar hunturu ta sauko, tabarau mai rufe gefe ya zame miki abokin fita. Shi ne ma amsar bikin ƙanwarki: tabarau mai ɗan duhu, ki ci ado, ki tsaya a kan hidimarki. Kada a hana ki bikin nan saboda bakin yara.

Idan idon yana kan kumburi har yanzu, akwai magungunan kwantar da shi, musamman siteroid ta jijiya da ake yi mako-mako a asibiti. Ga mai ƙaramin ciwo akan ba da ƙwayoyin sinadarin seleniyom na wata shida. Akwai kuma sabon magani, tefrotumumab, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2020, amma tsadarsa ta fi ƙarfin kusan kowa. Duk waɗannan likita ne ke yanke su. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki sayi maganin ɗigawa a kemis don jan ido. Da yawansu akwai siteroid a ciki, in aka daɗe ana sawa suna jawo hawan jinin ido da yana.

Batun taba shi ya fi damuna a wasiƙarki. A duk abubuwan da mutum ke da iko a kansu, babu wanda aka tabbatar yana tsananta ciwon idon tayirod kamar hayaƙin taba. Yana ƙara kumburi, yana tsawaita zangon farko, yana rage amfanin magani, shisha ma ba ta tsira ba. Ke ba ki sha, amma in a ɗaki ɗaya kuke kina shaƙa. Na gane sirrin miji kika rufa, wannan halin kirki ne, sai dai likita ba bakin duniya ba ne, amana ce a wuyansa. Ki gaya masa gaskiya a zuwa na gaba. Maigida kuma ki zaɓi lokacin da ransa ke sanyi, ba da gori ba, ki ce masa likita ya ce hayaƙi yana hana idon warkewa. In da hali ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa, maza sun fi karɓar magana daga can. Ko bai iya bari gaba ɗaya yanzu ba, ya fitar da ita daga ɗaki da tsakar gida.

Kada ki dakatar da kabimazol don kin ji sauƙi, tayirod da ya yi sama da wanda ya faɗi ƙasa duk suna ɓata ido. In kina kansa zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki suka kama ki, ki tsayar da shi ki je a gwada jininki a ranar, don a wasu mutane ƙalilan yana karya ƙwayoyin jinin da ke kare jiki. In kuna da niyyar ƙarin haihuwa, ki faɗa tun kafin ciki ya shiga, saboda maganin na iya cutar da ɗan tayi a watannin farko, akwai wani maganin da ake canza shi da shi. In kuma aka kawo shawarar a kashe tayirod da ayodin mai tururin nukiliya, ki tabbatar likitan ya san halin idonki, don wannan magani yana iya tayar da ciwon ido in ba a haɗa da kariya ba.

Surukarki uwa ce, damuwa ce ta sa ta magana, kada ki yi jayayya da ita. Ki karɓi addu'arta hannu bibbiyu, ki ce ana haɗawa da na asibiti, Manzon Allah (SAW) ma ya yi umarni da neman magani. Iyakar da za ki ja guda ce: babu abin da zai shiga cikin idon, ko tozali na musamman, ko ruwan ganye, ko hayaƙin turare a kusa da fuska. Idon da ba ya rufuwa sosai baƙinsa a tsirara yake, abu kaɗan ke yi masa gyambo.

Shi kuma Yaya ki gode masa, ki bayyana masa cewa wannan ba aikin sati guda ba ne ko a ina. Likitan kirki a Alƙahira ma awon wata shida zai nema, kuma bayan aiki ana bukatar a riƙa duba ki na watanni, lokacin da zamewar tsoka kan bayyana, ga shi kin dawo Kaduna. Muna zaune ne a garin da mutane ke tasowa daga jihohi masu nisa don ido. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa tana nan ta wajen Mando, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na ABU a Shika kusa da Zariya inda za a iya bin lamarin tayirod ɗin. In hankalinki bai kwanta ba, haƙƙinki ne ki nemi ra'ayin likita na biyu. Ki nemi wanda ya saba da aikin karkacewar ido, sau da yawa a sashen idon yara ake samunsu ko da kuwa babba za su yi wa, ki tambaye shi ba kunya ko ya sha yi wa masu tayirod. Ki nemi a rubuta miki kiyasin kuɗin aiki tun yanzu, har da yiwuwar na biyu, ki shiga adashi a kansa, in kuma kuna cikin inshorar lafiya ta NHIA ko KADCHMA ki binciki abin da za ta ɗauke muku. Ki sayi fayil ɗaya ki zuba kwafin kowane sakamakon jini da kowane awo, ki riƙa kai wa likitan ido na tayirod, ki kai wa na tayirod na ido.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a yi bikin ƙanwarki a sa'a.